EZRA MARUBUCI, MAI RIƘON AMANA

Ya mai karatu, a cikin mutanen da Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarinsu akwai sarakuna, da mayaƙa, da annabawa waɗanda aka yi al'ajibai ta hannunsu. Akwai kuma wani mutum wanda ba a ce ya ci wani gari da yaƙi ba, ba a kuma ce ya yi wata mu'ujiza ba. Kayan aikinsa alƙalami ne, da tawada, da fata. Sunansa Ezra, firist ne, marubuci kuma. Malaman Musulmi da yawa suna cewa shi ne Uzairu. Za mu ba da labarinsa a nan domin mu ga yadda mutum ya ke riƙon amana, gama amanar da ya riƙe a kan baƙi ɗaya na rubutu ita ce ya riƙe a kan dukiyar sarki, ita ce kuma ya riƙe a kan rayukan jama'arsa.

Asalinsa da Zamaninsa

A shekara ta 586 kamin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya ci Urushalima, ya ƙone Haikali, ya rushe ganuwa, ya kwashe manyan mutanen Yahuda zuwa bauta. A cikin waɗanda ya kashe a lokacin akwai Seraiya babban firist. Daga zuriyar wannan Seraiya Ezra ya fito, asalinsu kuwa yana komawa har ga Haruna, wan Musa. A Babila Ezra ya yi zamansa, cikin Yahudawa waɗanda kakanninsu suka zo ƙasar a ɗaure.

A shekara ta 539 Sairus Sarkin Farisa ya ci Babila, ya kuwa ba Yahudawa izini su koma ƙasarsu. Waɗansu suka koma, suka sake gina Haikali da wahala mai yawa, aka gama shi wajen shekara ta 515. Amma da yawa ba su koma ba, gama sun yi gidaje da gonaki da kasuwanci a Babila. Waɗannan ba su da bagadi, ba su da wurin miƙa hadaya. Abin da ya rage musu na gādo shi ne littattafan Musa, watau Attaura. Saboda haka wanda ya iya karanta su, ya iya kwafe su daidai, ya iya kuma bayyana ma'anarsu, ya zama mutum mai muhimmanci ƙwarai. Irin wannan mutum shi a ke kira sofer da Ibrananci, watau marubuci.

Littafin Ezra ya shaida cewa shi gwani ne a cikin Attaura. Ya kuma faɗi abu uku da ya sa zuciyarsa a kai, bi da bi: ya bincika shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sa'an nan ya koya wa Isra'ila. Ka lura da wannan jeri, ya mai karatu, gama dukan labarin da ke biye a kansa ya ke tafiya. Aikatawa ce ke tsakiya, tsakanin karatu da koyarwa.

Aikin Marubuci

Domin mu gane halin mutumin, ya kamata mu san irin aikin da ya horar da shi. Yahudawa suna ɗaukar Ezra uban marubutansu. Ƙa'idodin sana'ar an tattara su a rubuce bayan zamaninsa da ɗaruruwan shekaru, a cikin Talmud da wani ɗan littafi mai suna Soferim, marubutansu kuwa suna bin su har wa yau.

Ba a rubuta Attaura ta karatun majami'a a kan takarda, sai a kan fatar dabba mai tsabta bisa ga shari'arsu, kamar saniya, ko tunkiya, ko akuya. A kan jiƙa fatar, a kankare gashin, a miƙe ta ta bushe, a goge ta har ta yi sumul. Tawada dole ta zama baƙa wuluk; a zamanin dā da kunkunniyar fitila da ƙaro a ke haɗa ta. Alƙalamin na kara ne, ko na gashin tsuntsu. Kamin marubuci ya sa alƙalami, sai ya ja layuka a kan fatar da tsinke, domin kada rubutu ya karkace. Idan an gama fatun duka sai a ɗinke su da jijiyar dabba mai tsabta, a naɗe su a kan sanduna biyu.

Ko da marubuci ya haddace littafin duka, an hana shi ya rubuta da ka. Sai ya ajiye wani littafi ingantacce a gabansa, ya duba, ya furta kalmar da bakinsa, kana ya rubuta ta. Baƙaƙen Attaura 304,805 ne, aikin kuwa ya kan ci wajen shekara guda. Idan baƙi ɗaya ya ɓace, ko an ƙara ɗaya, ko biyu sun manne da juna, ba a karanta littafin a gaban jama'a sai an gyara. Malamansu sun ce an kira mutanen dā soferim domin suna ƙidaya baƙaƙen Attaura, gama kalmar rubutu da ta ƙidaya tushensu ɗaya ne a harshensu.

Kada wani ya ce wannan tsanani ya yi yawa. A rubutun Ibrananci akwai baƙaƙe biyu, dalet da resh, masu kama da juna kamar yadda dal da ra su ke kama a rubutun ajami. Ɗan ƙaramin lungu ne kaɗai ya raba su. A cikin ayar da Yahudawa ke shaida kaɗaitakar Allah safe da yamma, kalmar da ke nufin ɗaya da dalet ta ke ƙarewa. Idan hannu ya zame aka rubuta resh, kalmar ta koma tana nufin wani dabam. Da ɗigon tawada sai tauhidi ya zama shirka. Domin haka a kan rubuta wannan dalet da girma, ta fi sauran baƙaƙe. An ba da labari kuma cewa wani malami mai suna Isma'ilu ya gargaɗi almajirinsa Meyir, wanda marubuci ne a ƙarni na 2 bayan Almasihu, ya yi hankali da aikinsa domin aikin sama ne, rage baƙi ɗaya ko ƙara ɗaya yana iya jawo ɓarna marar iyaka.

Inda tsoro ya fi yawa shi ne wurin rubuta sunan Allah. Kamin marubuci ya rubuta shi sai ya furta niyyarsa cewa domin tsarkin sunan ya ke rubutawa. Waɗansu ma su kan yi wankan tsarki tukuna. Idan ya fara sunan ba ya tsayawa, ko da sarki ne ya gaishe shi ba ya amsawa sai ya ƙare. Kuskure a wata kalma a kan kankare shi da wuƙa a gyara, amma sunan Allah ba a kankare shi. Sai a cire wannan fata a ajiye ta da ladabi, daga baya a binne ta. Banda Attaura, marubuci shi ke rubuta ayoyin da su ke sawa a ƙananan akwatunan fata su ɗaura a goshi da hannu lokacin addu'a, da waɗanda su ke kafawa a dogaran ƙofofinsu. Waɗannan da zarar an rufe su, mai saye ba ya ganin abin da ke ciki. Sai dai ya dogara ga amanar marubucin.

Takardar Sarki

A shekara ta 7 ta mulkin Artashate Sarkin Farisa, Ezra ya sami izini ya tafi Urushalima. Yawancin masana sun ce Artashate na fari ne, shekarar kuwa 458 kamin haihuwar Almasihu. Waɗansu sun ce na biyu ne, watau shekara ta 398. Sarki ya ba shi takarda da harshen Aramiya, wanda shi ne harshen mulki a lokacin. A ciki an ba kowane Ba'isra'ile da ke so izini ya bi shi. An danƙa masa azurfa da zinariya waɗanda sarki da mashawartansa 7 suka bayar domin Haikali. An umarci ma'ajin ƙasashen hayin kogin Yufiretis su ba shi abin da ya nema, har talanti 100 na azurfa, da alkama, da mai, da ruwan inabi bisa ga awo, gishiri kuwa ba iyaka. An ɗauke wa firistoci da Lawiyawa da mawaƙa da masu tsaron ƙofa haraji. An kuma ba shi iko ya naɗa alƙalai, ya koya wa waɗanda ba su san shari'a ba, ya hukunta masu taurin kai da ɗauri, ko kora, ko ƙwace dukiya, ko kisa.

Mutum da yawa idan ya sami irin wannan takarda sai kansa ya kumbura, ya ce wayonsa ne ya jawo masa. Ezra kuwa ya yi godiya ga Allah wanda ya sa wannan nufi a zuciyar sarki, ya kuma shaida cewa hannun Allah ne ke bisansa. Wannan magana ya maimaita ta sau da yawa a cikin labarinsa.

A Bakin Kogin Ahawa

Ya tara masu tafiya a bakin wani kogi mai suna Ahawa, suka yi zango kwana 3. Maza wajen 1,500 ne, banda mata da yara. Da ya duba taron bisa ga halinsa na mai ƙidaya, sai ya tarar ba Balawe ko ɗaya, alhali kuwa hidimar Haikali ba ta yiwuwa sai da su. Bai ce a tashi haka nan Allah ya kyauta ba. Ya aiki manzanni wurin Iddo, shugaban wani wuri mai suna Kasifiya, aka kawo masa Lawiyawa 38 da ma'aikatan Haikali 220.

Sa'an nan ya fuskanci babbar matsala. Hanyar da ke gabansu ta kai wajen mil 900, gama ayari ba ya ratsa hamada kai tsaye, sai ya bi kogin Yufiretis arewa, kana ya gangaro ta ƙasar Suriya. Akwai 'yan fashi a hanya, ga mata da ƙananan yara, ga kuma dukiya mai yawa wadda labarinta ba ya ɓoyuwa. Da ya roƙi sarki sojoji da mahayan dawakai, da an ba shi. Amma ya riga ya gaya wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Shi da kansa ya rubuta cewa ya ji kunya ya koma ya roƙi dakaru bayan wannan magana. Saboda haka ya yi shelar azumi a bakin kogin, suka ƙasƙantar da kansu, suka roƙi Allah ya ba su hanya lafiya, su da 'ya'yansu da kayansu.

Kada mu ɗauka cewa neman masu rakiya zunubi ne. Nehemiya, wanda ya zo bayansa, ya karɓi sojoji da mahaya daga hannun sarki, Littafi kuwa bai zarge shi ba. Abin da ya ɗaure Ezra shi ne maganar bakinsa. Ya yi shaida a gaban sarki wanda ba ya bin addininsa, ya kuwa san sarki zai auna shaidar da abin da ya ga ya aikata. Kyan alkawari cikawa. Mu nawa ne mu ke shaida a gaban maƙwabta cewa Allah ya isa, amma ran da ciwo ya shigo gida, ko ciniki ya tsaya, sai a gan mu da dare a ƙofar boka?

Awon Azurfa

Wanda ya dogara ga Allah a kan 'yan fashi bai yi sakaci a kan lissafi ba. Ya keɓe mutum 12 daga manyan firistoci tare da Lawiyawa, ya auna musu dukiyar a gaban idonsu. Lissafin da littafin ya bayar shi ne talanti 650 na azurfa, da tasoshin azurfa na talanti 100, da talanti 100 na zinariya, da kwanonin zinariya 20, da tasoshi 2 na tagulla mai kyau. Talanti ɗaya kuwa ya kai kilo 30 ko fiye. Ya tuna musu cewa su keɓaɓɓu ne ga Ubangiji, kayan ma haka, su yi tsaro har ran da za su sake aunawa a ɗakunan Haikali.

Suka tashi daga Ahawa ran 12 ga wata na fari, suka isa Urushalima ran 1 ga wata na biyar, ba wanda ya taɓa su. Suka huta kwana 3. A rana ta huɗu aka auna kome a hannun Meremot ɗan Uriya firist, tare da shaidu, aka ƙidaya, aka rubuta nauyin nan take.

Ezra bai ce shi malami ne sananne, a yarda da shi ba sai an auna ba. Bai kuma riƙe dukiyar a hannunsa shi kaɗai ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin ma'auni. Wannan darasi ne ga kowane ma'aji, da mai riƙon baikon ikilisiya, da wanda aka aika kasuwa da kuɗin wani, da wanda aka bar wa gādon marayu. Ka ƙidaya a gaban shaidu, ka rubuta, ka mayar cif. Yin haka yana tsare ka daga jaraba, yana kuma tsare ɗan'uwanka daga zato.

Ranar Baƙin Ciki

Bayan 'yan watanni shugabanni suka zo suka gaya masa cewa mutane da yawa, har da firistoci da Lawiyawa da manyan gari, sun auri matan al'ummai na kewaye masu bautar gumaka. Abin da ya tsoratar da shi shi ne, ta wannan hanya ce bautar gumaka ta shiga Isra'ila tun zamanin Sulemanu, har ta kai su ga bauta. Ragowar da suka komo kuwa kaɗan ne, idan suka narke cikin maƙwabta ba sauran mai riƙe Attaura.

Takardar sarki tana hannunsa, da ikon ɗauri da na kora. Bai fito da ita ba. Ya kyakketa rigarsa, ya tsige gashin kansa da na gemunsa, ya zauna shiru a rikice har lokacin hadayar maraice. Sa'an nan ya durƙusa, ya miƙa hannuwansa, ya yi addu'a da kuka. A cikin addu'ar bai ware kansa daga masu laifi ba, ko da ya ke shi bai aikata ba. Ya lissafa laifin a kan dukansu har da shi. Da mutane suka ga haka, maza da mata da yara suka taru wurinsa suna kuka mai zafi. Wani mai suna Shekaniya ɗan Yehiyel shi ya fara amsa laifi, shi ne kuma ya kawo shawara a yi alkawari a rabu da matan, ya ƙarfafa Ezra ya tashi ya ɗauki al'amarin.

Aka yi shela, jama'a suka taru a filin Haikali ran 20 ga wata na tara. A ƙasar Yahudiya da sanyi a ke yin ruwa, mutane kuwa suka zauna suna rawar jiki saboda nauyin maganar da kuma ruwan da ke zuba. Suka roƙa kada a yanke hukunci a tsaye a rana ɗaya, Ezra ya yarda. Aka naɗa shugabannin gidaje su bi al'amarin mutum mutum, tare da dattawa da alƙalan kowane gari. Suka yi wata 3 suna bincike. Sunayen da aka rubuta sun ɗara 100 kaɗan, aka kuwa fara da gidan babban firist, ba a ɓoye manya ba. Littafin ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka ƙi shawarar, watau Jonatan ɗan Asahel da Yazeya ɗan Tikwa da masu goyon bayansu. Marubucin kirki ba ya share abin da bai yi masa daɗi ba.

Wannan wuri ne mai wuya, ba kuwa za mu sassauta shi ba. Mata sun bar gidajensu, waɗansu da 'ya'ya, hawayensu kuma hawaye ne. Kada wani ya ɗauki wannan labari hujjar korar matarsa. Littafin nan da ya ba mu labarin Ezra shi ya ba mu na Rut mutuniyar Mowab, baƙuwa wadda ta bi Allah na Isra'ila har ta zama kakar Dawuda. Manzo Bulus kuma ya umarci Korantiyawa cewa mai bi wanda ke da mata marar bi, idan ta yarda ta zauna da shi, kada ya sake ta. Haka kuma mace ga mijinta. Abin koyi a nan shi ne yadda Ezra ya fuskanci laifin jama'a. Ya fara da kuka kamin tsawa, ya sa kansa cikin masu neman gafara, ya kuma ƙi gaggawa a shari'a. Daga baya Nehemiya ya tarar da irin wannan laifi, ya tsige gashin masu laifin. Ezra nasa gashin ya tsige.

Karatu a Ƙofar Ruwa

A shekara ta 20 ta mulkin Artashate, watau wajen 445, Nehemiya ya zo da sarautar gwamna, aka gina ganuwar Urushalima cikin kwana 52. Littafin Nehemiya ya ba da labari cewa ran 1 ga wata na bakwai jama'a duka suka taru a filin da ke gaban Ƙofar Ruwa, su da kansu suka roƙi Ezra ya kawo littafin Attaura. Aka gina masa dakali na katako, ya tsaya a kai, mutum 6 a damansa, 7 a hagunsa. Da ya buɗe littafin a idon jama'a, duka suka miƙe tsaye. Ya yabi Ubangiji, suka amsa da amin suna ɗaga hannuwa, suka sunkuya har ƙasa. Ya yi ta karatu tun da sassafe har rana tsaka, maza da mata da yaran da suka isa fahimta suna kasa kunne.

Lawiyawa 13 suna cikin taron suna bayyana ma'ana domin kowa ya gane. Malaman Yahudawa sun ce a nan aka fara fassara karatun zuwa Aramiya, harshen da talakawa ke ji; sunan irin wannan fassara targum, 'yar'uwar kalmar nan tarjama da mu ke da ita. Ezra bai so a yi ta jin sautin karatu ana girmamawa alhali ba a san abin da ya ce ba.

Da mutane suka gane, sai suka fashe da kuka, gama sun ga nisan da ke tsakanin shari'a da zamansu. Mutumin da ya taɓa zama a ƙasa yana kuka, a ran nan shi da Nehemiya da Lawiyawa suka hana su kuka. Suka gaya musu ranar tsattsarka ce, su tafi su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi, su aika wa wanda ba shi da kome rabonsa, gama farin ciki cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Kashegari shugabannin gidaje suka komo domin ƙarin karatu, suka tarar an umarta a yi Idin Bukkoki a wannan wata. Nan da nan aka fita tuddai aka saro rassan zaitun da na dabino, aka yi bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje da filayen gari. Kwana 7 ana idi, kowace rana Ezra yana karatu. Wurin ƙarshe da aka ambace shi shi ne ranar keɓe ganuwa, yana gaban ɗaya daga cikin jerin mawaƙa biyu da suka zaga bisa garun.

Abin da Ya Bari

Labari biyu ne a kan kabarinsa. Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1 bayan Almasihu, ya ce ya rasu da tsufa aka binne shi da girma a Urushalima. Waɗansu kuwa suna nuna kabarinsa a bakin kogin Dijla a kudancin Iraƙi, a wani gari da a ke kira da sunan Uzairu.

Yahudawa sun girmama shi ƙwarai, har malamansu suka ce da Musa bai riga shi ba, da ya cancanta a ba da Attaura ta hannunsa. Sun ce shi ya sa aka koma rubuta ta da baƙaƙe masu kusurwa huɗu waɗanda a ke amfani da su har yanzu, Samariyawa kuwa suka riƙe tsohon rubutun. Sun danganta masa dokar karanta Attaura a gaban jama'a ran Litinin da Alhamis da Asabar da yamma, da zaman alƙalai ran Litinin da Alhamis. Sun kuma ce ya yarda malamin yara ya buɗe makaranta kusa da ta wani malami, domin gasa tsakanin malamai tana ƙara ilimi.

Amfanin irin wannan amana ya bayyana a shekara ta 1947, sa'ad da makiyaya suka tarar da naɗaɗɗun littattafai cikin tuluna a kogwanni kusa da Tekun Gishiri. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kamin haihuwar Almasihu. Ya girmi cikakkun littattafan Ibrananci da aka sani a lokacin da wajen shekara 1,000. Da aka gwada su, aka sami bambanci da dama a yadda a ke harhaɗa baƙaƙe da waɗansu kalmomi, amma maganar annabin ita ce dai, sura bayan sura. Tsakanin littattafan nan biyu akwai marubuta tsara bayan tsara waɗanda ba a san sunan yawancinsu ba. Kowane mai riƙe da Tsohon Alkawari a yau, da kowane harshe, yana da bashin godiya a kansa ga waɗannan Yahudawa.

Gargaɗi ga Mai Karatu

Ubangijinmu Yesu ya ambaci ƙaramin baƙi da ɗan lungun rubutu sa'ad da ya ke nuna tabbatar shari'a. Ya kwatanta marubucin da ya zama almajirin Mulkin Sama da maigida mai fito da sabo da tsoho daga taskarsa. Ya kuma tsauta wa waɗansu malaman zamaninsa domin suna faɗa ba sa aikatawa. Kada mu karanta wannan tsautawa muna duban wasu. Cutar tana kama kowane mai ilimi, a kowace al'umma, mu ma ba mu tsira ba. Maganinta shi ne jerin nan na Ezra.

Wataƙila ba za a taɓa ba ka fata da alƙalami ka kwafi Attaura ba, amma kullum ana ba ka abin da za ka kai wa wani. Idan an aike ka da saƙo, kana isar da shi yadda aka ba ka, ko kana ƙara gishiri? Idan ka ba da labarin abin da maƙwabcinka ya faɗa, ba ka sake baƙi ɗaya wanda zai mai da maganarsa wata dabam? Mudun da ka ke awo da shi a kasuwa, shi ne wanda za ka so a auna maka da shi? Aikin da mai shi ba zai buɗe ya duba ba, kana yinsa kamar wanda za a duba? Abin da ka ke koya wa 'ya'yanka da baki, sun taɓa ganinsa a hannunka?

Ka ɗauki Littafinka ka karanta Ezra sura 7 zuwa 10, da Nehemiya sura 8. Ka karanta a hankali, kana furtawa da bakinka kamar marubutan nan. Idan ka tarar da abu ɗaya wanda ka sani amma ba ka aikata ba tukuna, ka fara da shi yau, kamin ka koya wa wani. Allah ya ba mu zuciya mai neman maganarsa, ya kuma same mu masu aminci cikin ƙaramin abu da babba. Amin.